Ka Bar Baba Ya Taka Ƙafarsa

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Ina gaishe ka da iyali, da fatan mutanen Djougou suna lafiya. Tunda ka daina ɗaukar kirana, a nan zauren danginmu na waya zan yi maganar, kowa ya karanta.

Tun da aka sa wa Baba ƙarfe a kwatangwalo, ni nake kai shi awon ƙashi nan Parakou. Ko sau ɗaya ba ka leƙo ba. Kwantar da shi ake yi, na'ura ta bi ta kansa a hankali tana auna ƙwarin ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. A awon ƙarshe likita ta nuna mini inda ƙashin ya fara zaizayewa. Ta ce kamar ruwan fartanya ne a jikin ƙota, in ƙotar ta ci, sai ya kama girgiɗi. Abin da zai tsare shi: magani, tafiya kullum, da dawowa a sake awo.

Tafiya fa, Yaya. A unguwarmu ta Albarika da ƙafarsa yake zuwa masallaci, har ya tsaya tsokanar mai tsire.

Sai ga ka, wai abin kunya ne uba ya zauna gidan suruki alhali babban ɗansa na raye. Na ƙyale ka ka tafi da shi. Ashe dasa shi za ka yi a kujera a ƙofar gida, cikin babbar riga, abokan cinikinka na kasuwar shanu suna zuwa gaisuwa suna sa maka albarka. Buta ma kawo masa ake yi. Ranar awo ta wuce, ka ce kai da ka girma cikin shanu ba inji ne zai koya maka ƙashi ba. Baba ba bijimi ba ne.

Jiya ya ari wayar maƙwabci ya kira ni. Ka san shi, bai iya kai ƙara ba. Ya tambayi yara, ya tambayi damina, sannan ya rage murya: "Rabi, ko akwai wata sanda a wajenki? Tawa Sani ya adana, ya ce ba ta dace da ni ba."

Wallahi ina jin haushinka kamar in fashe. Amma kai ne kake goya ni in na gaji a hanyar makaranta, na san ba mugunta ba ce a ranka. An sake ba mu ranar Litinin. Lahadi zan zo da mota. Kada ka sa in yi rigima a gaban baƙinka, don zan yi.

Allah ya sanyaya zuciyarka da tawa. Allah ya sa likita ta tarar da sauran ƙashin da zai riƙe shi tsaye.

Ƙanwarka,
Rabi