Ragon Alhaji Sule

Laraba da dare, cikin watan Rajab

Alhamdu lillahi. Ɗana Auwalu ya kira ni daga ƙasar waje da hantsi, ya ce jami'a a nan gida ta ɗauke shi. Babban farfesa suke nema da zai jagoranci binciken da ya haɗa tarihi da harshe da waƙoƙin manoman rani. Mutum biyu suka rage, shi da Nasiru ɗan Alhaji Sule. Da bai samu ba, da jikokina sun girma a can ba su san hanyar Bunkure ba. Yanzu kafin azumi za su dawo.

Abin daɗin, Alhaji Sule tun asuba ya yanka rago, wai wani ya tabbatar masa Nasiru ne. Alhajin nan fa shi ne mutumin da ke tare mini ruwan kanal na ban-ruwa ranar da rabona ne, yana kiran karatuna na yaƙi da jahilci "bokon tsofaffi".

Bayan la'asar na sa babbar riga na tafi yi masa jaje. Na tarar an shimfiɗa tabarmi, ba kowa a kai.

"Malam Idi, ka ji ke nan," in ji shi, bai ɗago ba.

"Na ji, Alhaji. Kada Nasiru ya damu. In Auwalu zai ɗauki mataimaka, zan sa baki."

Ya ce a kawo mini nama, don baƙo baƙo ne. Na ci, na kuma ce a ƙunsa wa matata Hajiya. Da na kai gida ta ƙi taɓawa, ta ce Nasiru ma ɗan wani ne.

Gaskiyarta. Na cinye rabonta.