Baƙin Layi a Bangon Afrilu

Lakhnau, 6 ga Maris, 1989

Zuwa ga Sarwat Apa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Ustad Ji? Tun da na ji ɓarin jikinsa ya shanye ban ƙara sa abinci a baki na ji daɗinsa ba. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa kaffara ne.

Apa, wata magana ce take damuna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke 'yarsa. Kin san fitowar Afrilu ita ce ta cikar mujallarmu shekara arba'in, kuma tun bara aka yanke cewa hoton Ustad Ji ne zai hau bango, tunda shi ya tsara mata shafuka shekara ashirin da tara kafin ya bar mini teburinsa. Na zaɓi hoton nan da ya saƙale fensir a kunne yana murmushi. Na liƙa shi a kwali, na gama komai, saura kai wa maɗaba'a ranar sha huɗu.

Shekaranjiya edita, Rizwi Sahib, ya tsaya a kaina yana taunar pan, ganyen nan mai rina baki ja kamar goro, ya ce, "Wajahat Miyan, likita ya ce kwana nawa?"

Na ce ban sani ba, ba na kuma son sani.

Ya ce, "Idan bango ya tafi sha huɗu, ya cika sha biyar fa? Mu fito da shi yana dariya babu baƙin layi, duniya ta ce mujallarsa ce kaɗai ba ta ji ya rasu ba? Zana layin ka ajiye."

Na tuna masa dokar Ustad Ji, cewa ba a kewaye hoton mai numfashi da baƙin layi, ko da an juya shi yana kallon alƙibla. Ya ce Ustad ba shi ne edita ba, ni ma ba ni ba ne.

Apa, na zana. A kan takarda mai shara-shara na yi shi, irin wadda muke ɗorawa bisa kwali idan za a ƙara launi. Na sa shekarar haihuwarsa, na bar gurbi a gabanta. Na manne ta daga sama don kada ta goce, na naɗe ta ta koma bayan kwalin. Idan ba a juyo ta ba, ba za ta fito ba. Amma ni na san tana nan, kuma da rular da ya ba ni na ja ta.

Don Allah ki bugo mini tangaraho kafin ranar sha huɗu, kalma ɗaya ma ta isa. Kada ki gaya masa.

Ƙaninki,
Wajahat

*

Amroha, 11 ga Maris

Wajju,

Wa alaikumus salam. Tangarahona ya riga wannan isa, amma bari in ƙara maka da baki: Abba yana nan da ransa. Hannun dama ne ya tafi, harshen kuwa ko gezau. Jiya ya ci kichri cokali shida, ya ce na cika ruwa, wai shinkafar da waken ba su san juna ba. Likitan da ya ba shi kwana uku ya dawo duba shi, Abba ya ce masa rubutunsa ya fi cutar muni.

Kai kuma ban san ranar da za ka yi baki ba. Shekara arba'in da biyu, ga furfura a gemu, amma editan nan mai jan baki ya ce ka zana, ka zana! Da ka ce hannunka na ciwo mana. Yanzu dai yage abin nan ka jefa a murhu, kada ka tsaya wani naɗe-naɗe.

Ban gaya masa ba. Amma ka san halinsa. Ya sa an jawo gadonsa bakin ƙofa, wai iska yake so, alhali mai raba wasiƙu yake gadi. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk wata sai ya karɓi mujallar da hannunsa, ya bi ta shafi-shafi da rula da jan fensir, ya mayar maka da ita kamar an yanka kaza a kai. Yanzu da hagu yake koyon riƙe fensirin. Ya ce fitowar arba'in ba za ta wuce shi ba, yana so ya ga ko ka koyi barin fili a gefen hoto.

Mangwaron gidan ya yi fure sosai bana. Ka gaida matarka Nikhat da yara.

Apanka,
Sarwat

*

Lakhnau, 20 ga Maris

Sarwat Apa,

Assalamu alaikum. Na san kin ga tangarahona kin rasa gane kansa. Ga bayanin.

Da saƙonki ya iso na je zan yage takardar, Rizwi Sahib ya ce in bari sai ranar ƙarshe, wai ciwon tsoho ba a ba shi amana. Ranar sha huɗu ya tura ni wajen masu takarda tun da safe, kafin in dawo an kwashi kwalayen an kai. Na bi su da gudu? Ban bi ba, Apa. Na ce ai a naɗe take a baya. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kin tuna Banne Miyan, mai ɗaukar hoton kwalaye a maɗaba'a? Ustad Ji ne da kansa ya hore shi cewa duk takardar da aka manna a kwali, juyo ta ake yi a ɗauka, ba a tambaya. Ya ji Ustad yana kwance. Ya ɗaga kwalin ya ga layi a baya, sai ya zauna ya yi kukansa, ya juyo ta ya ɗauka. Har tsayawa ya yi a kan mai injin don baƙin ya fito sosai, wai na Ustad ne, ba za a yi shi dishi-dishi ba. Saboda sauri ba a kawo mini gwaji ba. Ranar da gidan waya ya ware mana guda ɗaya ce a wata, daga wajen masu ɗinki aka wuce da su kai tsaye. Kwafi dubu uku, Apa. Na ga bangon ne a hannun mai shayin ƙasan ofis, yana yi mini ta'aziyya.

Na je gidan waya, suka ce buhunan sun hau jirgi. Na je tasha na tsaya ina kallon dogo kamar wani sakarai. Na dawo na ce wa Rizwi Sahib mu sake bugawa, ya ce ko mun sake, wa zai bi gida dubu uku ya karɓo na farko? Banne Miyan kuwa da ya ji Ustad na da rai, ya rasa ko murna zai yi ko ya shiga ƙasa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki tare mai raba wasiƙu a bakin layi. Ki ce wa Ustad Ji an samu jinkiri, injin ya lalace, duk abin da ya zo bakinki. Zan haɗa masa kwafi ɗaya da hannu, da bango mai tsabta, in aiko cikin kwana huɗu. Ba na so abin ƙarshe da zai gani daga hannuna ya zama wannan.

Ki yafe mini.

Wajahat

*

Amroha, 27 ga Maris

Wajahat,

Salam. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Na tare mai raba wasiƙu. Na karɓe mujallar na tura ta ƙasan buhun gari. Na ce wa Abba injin ya lalace, ya ce injin nan bai taɓa lalacewa a watan Maris ba. Kwana biyu ina ta yi masa ƙarya kamar wadda aka biya.

Abin da ni da kai ba mu lissafa ba, ba mu kaɗai ake aika wa ba. Ranar Alhamis da hantsi ina wanke-wanke na ji sallama. Tsofaffi uku ne daga Muradabad, da fararen huluna, sun sha jirgi sun zo gaisuwa. Kafin in goge hannu sun shigo. Na gaba ya ɗaga hannuwa zai ja fatiha, ya yi ido huɗu da Abba a kan gado yana shan shayi. Mutumin nan saura kaɗan ya faɗa kwata. Abba ya ce, "Qadir Bhai, wa ya rasu?" Shi kuma don ruɗewa sai ya zaro mujallar daga hammata ya miƙa masa.

Ina tsaye, Wajju. Taku uku ne tsakanina da su, na kasa ɗaga ƙafa.

Abba ya daɗe yana kallon bangon. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce in kawo wa baƙi shayi, tunda sun zo gaisuwarsa ba za su koma da ƙishirwa ba. Suka sha a tsaitsaye suka gudu. Daga ranar wasiƙun ta'aziyya ke shigowa, jiya goma sha huɗu. Ƙanwarsa ta Karachi ta bugo tangaraho tana tambayar me ya sa ba a sanar da ita ba. Ya sa ina karanta masa su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta cewa marigayi mutum ne mai sanyin hali, Abba ya ce wannan bai taɓa aiki da shi ba.

Kada dariyar ta ruɗe ka. Ya daina cin kichri. Ya sa an mayar da gadon ɗaki. Kwafinka mai tsabta ya iso, ya juya shi sau ɗaya ya ce a ba yaran maƙwabta su yi bangon littafi. Wancan mai baƙin layin yake riƙewa a ƙirji. Na ce masa ba da gangan ka yi ba, na ba shi labarin Banne Miyan, na zagi Rizwi har na gaji. Bai ce komai a kanka ba, ko sunanka bai kira ba. Yau da safe dai ya ce in miƙo masa rula.

Ina jin haushinka, kuma ina jin tausayinka, ban san wanda ya fi yawa ba. Kada ka tambaye ni abin yi, ni ma ban sani ba.

Sarwat

*

Lakhnau, 1 ga Afrilu

Apa,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarki sau uku a kan matakala kafin in iya hawa ofis.

Rizwi Sahib ya amince a ba da haƙuri a fitowar Mayu. Layi huɗu ya ba ni, a shafi na sittin da biyu, ƙarƙashin tallar man gashi. Na ce a kai shi shafin farko, ya ce gidan jarida ba ya tallata kunyarsa. Ni ne kuma zan tsara akwatin. Na zauna tun safe da almakashi a hannu, ban yanka ko layi ɗaya ba.

Sau biyu ina sayen tikitin Amroha. Jiya har na shiga jirgi, na sauka kafin ya tashi. Idan na shigo ya juya fuska bango, ba zan iya ɗauka ba. Idan kuma ya yi mini murmushi, wannan ya fi. Shekara ashirin da biyu da saninsa, doka ɗaya ce ya ce kada in taɓa karyawa, a kansa kuma na karya ta.

Idan ya gama da rular, ko me ya rubuta, ki aiko mini. Ko zagi ne ina so. Ki riƙe masa hannu a madadina.

Wajahat

*

Amroha, 4 ga Afrilu

Wajahat Miyan,

Salam da addu'a. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi. Ga gyaran Afrilu.

Shafi na tara, kan labarin ya danne sunan marubuci. Shafi na talatin, ka cusa baitoci kamar fasinjan jirgi. Tallar sabulu ba ta zama kusa da addu'a, na sha faɗa.

Bango. Filin gefen hoto ya yi, ka koya. Layin ya yi kauri, rage shi da rabi, ni ba gwamna ba ne. Gurbin shekara daidai yake.

Kusurwar ƙasa ta hagu, rularka ta goce, tawada ta fita da kamar ƙwayar shinkafa. Na auna sau uku. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin rularka ta goce ba, don haka na san halin da idonka yake ciki lokacin da ka ja wurin. Wannan kusurwar kada ka taɓa ta.

Ka ajiye kwalin. Kada ka bar wani ya zana mini. Ka ce wa Banne baƙin ya yi kyau.

Ustadinka,
Iftikhar Husain

Wajju, ranar Talata ya rubuta wannan, ya ɗauke shi yini guda. Ban samu kai ta gidan waya ba. Abba ya cika, yau Juma'a bayan an sauko aka kai shi makwancinsa. Ka cire akwatin shafi na sittin da biyu, ka cike gurbin shekarar.

Apanka