Ranar da Na Ƙunsa wa Hajara Lalle

Zuwa ga Yaya Rabi, a Jos.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya maigidanki da mutanen gida? Mu nan Kiru lafiya lau.

Yaya, albishirinki! Hajararmu ta sauka, an samu 'ya mace, mai gashi kamar 'yan matan cikin littafin da nake karantawa!

Amma mun ga tashin hankali. Da ta zo goyon ciki, ina ƙunsa mata lalle sai na ga ƙafarta ta kumbura, na danna, yatsana ya bar rami. Ta ce kanta na sara, tana gani dishi-dishi, ta roƙe ni in yi shiru, kin san kunyar cikin fari. Ni da ba na iya haɗa ido da kowa, na ruga wajen Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Ke Hajara, kunya za ta kashe ki? Ɗauko mayafinki!" Aka sa ta a mota sai asibitin Kano. Malamar asibiti ta ce da an ƙara kwana, da jijjiga ta kama ta.

Ina jin nauyin faɗa, amma an ce ke ma kina da juna biyu. Don Allah in kin ga irin wannan, ko jini, kada ki ɓoye.

A sa jaririya a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Binta