Ƙidayar Dinya a Tafkin Tsamiya Uku

Alhamis, 3 ga Disamba, 1998

Tafkin Tsamiya Uku, da hantsi. Dinya sittin da ɗaya. 'Yan bana uku.

Uku! Sau huɗu na sake ƙirgawa, na goge madubin hangen nesa da bakin rigata, uku dai. Shekara ashirin ke nan duk lokacin sanyi ina tuƙa keke daga Ƙofar 'Yandaka zuwa tafkin nan in ƙirga tsuntsayen dinya, tun ina aikin gandun daji har na yi ritaya, ban taɓa rubuta uku ba. A da 'yan bana kan kai ashirin, wata shekarar har talatin. Bara tara na samu, na ce ƙarancin ruwa ne. Bana ruwa har gonakin gefe ya ci, to me zan ce?

Gane su ba wuya. Babba bayansa baƙi ƙirin, fuskarsa ja ba gashi. Ɗan bana launinsa ƙasa-ƙasa, fuskarsa da gashi. Ƙa'idata tun farko ɗaya ce: wanda ban tabbatar ba, babba ne. Ba na rubuta zato.

Wani ne ke kwashe ƙwai da damina. Kuma ban da ni, mutum ɗaya ne ya san inda suke sheƙa cikin ciyawar kacalar nan.

Asabar, 5 ga Disamba

Zaɓen ƙananan hukumomi. Takardar ƙuri'ar duk ta dusashe, alamomin jam'iyyu kamar an jiƙa su da ruwa. Ma'aikacin zaɓe ya ce, "Baba, in nuna ma?" Na ce masa ni na yi zaɓen saba'in da tara yana goye. Na dangwala inda na dangwala.

Litinin, 7 ga Disamba

Yari ɗan Alhaji Sani mai goro ya ci kansila a mazaɓarmu. Ba za a rantsar da su ba sai soja sun sauka, amma tuni an shimfiɗa tabarmi huɗu a ƙofar gidansu, kowa na kai kukansa. Soja sun zo sun tafi, farar hula sun zo sun tafi, ga su za su dawo. Dinya dai ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Talata, 8 ga Disamba

Na tarar da Sule maharbi a gindin tsamiya ta tsakiya yana gyaran bindigarsa ta toka. Shekara talatin muna tare da mutumin nan. Ni na kama shi da farko yana harbi a gandun gwamnati, na sake shi, muka zama abokai. A gindin tsamiyar nan muka yi alkawari: daga ruwan farko har a gama girbi ba harbi a tafki, ƙwai kuwa ba a taɓa shi har abada. Agwagin kirinjijiya da zabin daji nasa ne, dinya tawa ce.

Ya jero mini gaisuwa, ina kwana, ina sanyi, ina iyali. Na amsa biyu na bar sauran.

Na ce, "Sule, ina 'yan bana?"

Ya dubi tafki. Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, har abin ya ba ni haushi.

"Nawa ka samu, Malam Yahaya?"

"Uku."

"Uku," in ji shi. "To, Allah shi ƙara ma lahiya."

Shi ke nan abin da ya ce! Bai rantse ba, bai yi musu ba. Mai gaskiya da ya tashi ya yi ta faɗa.

Juma'a, 11 ga Disamba

Sittin da ɗaya. 'Yan bana biyu. Na ukun ma ban ƙara ganinsa ba.

Madubin nan ya fara yin hazo daga ciki. Tsufa ne, tun zamanin ina ofis yake.

Laraba, 16 ga Disamba

Na rubuta takardar ƙara zuwa ga Yari, shafi biyu, da lissafin shekara ashirin a jere. Na nemi a karɓe bindigar Sule, a hana shi kusantar tafkin. Ban yarda da 'yan siyasa ba, amma tun da sun ce mulkin jama'a ya dawo, ga jama'a nan, ga aikin farko.

'Yata Hajara ta zo daga Kambarawa bayan ta tashi daga makarantar da take koyarwa. Ta ɗauki takardar ta karanta.

"Baba, Baba Sule fa?"

"Shi."

"Layukanka sun fara hawa bisa juna, Baba. In sake kwafe ma?"

Na karɓe abata. Ni na koya mata riƙon alƙalami, yau ita ce za ta duba mini aiki. Takardun yanzu ne layinsu ba ya fita.

Litinin, 21 ga Disamba

Azumi ya kama. Da la'asar sakaliya sai ga ƙwaryar kunun tsamiya daga gidan Sule, kamar kowace shekara. Na ce a mayar. Uwargida ta ce in ina so a mayar, in ɗauka da hannuna in kai. Ƙwaryar tana nan a zaure, ban sha ba.

Laraba, 30 ga Disamba

Abin ya yi sauri fiye da yadda na zata. Yari ya karanta takardata a gaban masu zaman tabarma, don a san yana aiki. Magana ta kai ga Sarkin Baka, shugaban maharba, ya aika aka karɓo bindigar Sule, ya ce tana hannunsa sai an bincika bayan Sallah. A Babbar Kasuwa, wajen masu kaji inda Sule ke kai zabi, an ce har suna sun sa masa: Maci-ƙwai.

Yana da iyali tara. Na sani. Ba ni na aike shi cikin kacala ba.

Kunu ya sake zuwa yau.

Asabar, 9 ga Janairu, 1999

Zaɓen gwamna. A hanyar dawowa keke ya faɗa da ni cikin ramin da ke bakin ƙofa, gwiwa ta ɗan goge. Ramin nan ba ya nan a da. Uwargida ta ce shekararsa uku. Ita komai sai ta yi gardama.

Laraba, 20 ga Janairu

Sallah ta wuce. Sule bai zo gaisuwa ba, karo na farko. Hajara ta ce ta gan shi a kasuwa yana dakon buhunan gero, mutum mai shekara sittin da wani abu. Ta faɗa mini tana kallon ƙasa.

Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye wa littafina ba. Amma lissafi lissafi ne. Sittin da ɗaya, biyu.

An sa ranar Lahadi za a yi binciken a bakin tafki. Sule ne ya roƙi a yi a can.

Lahadi, 24 ga Janairu

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Yari ya zo da mota da mutum bakwai. Sarkin Baka ya zo da maharba huɗu, bindigar Sule a kafaɗar ɗayansu. Yari ya karɓi madubina ya kafa ido ta bakin da ba shi ba, ya ce lalle tsuntsayen sun yi nisa. Ba wanda ya gyara masa.

Na yi bayanina. Na karanta lissafin daga saba'in da tara, da ka na karanta yawancinsa. Aka ce Sule ya yi magana.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ba ni da takarda. Malam Yahaya shi ƙirga yanzu gaban kowa. Abin da ya hwaɗi, na yarda."

Na ɗaga madubi. Rana tana bisa ruwa, komai fari fat, dinya kuwa baƙaƙen dunƙule-dunƙule a tsakiya. Sai na ji mutum ya matso kafaɗata ta hagu, ya kama igiyar madubin kamar mai taya ni riƙo. Warin taba da hayaƙin itace. Sule.

Bakinsa ko motsi ba ya yi sosai. "Na gefen bado, na hagu. Ɗan bana ne."

Na duba. Baƙin dunƙule. Na matse ido har ya kawo ruwa, sai na ga kamar ƙasa-ƙasa. Kamar.

"Na bayanai ma. Da biyun da ke kiwo bakin kacala."

Ban san lokacin da bakina ya ce "ɗaya" ba. Biyu. Uku, huɗu. Yana raɗa mini, ina faɗa da ƙarfi. Maharban nan huɗu suna ta gyaɗa kai, su da idonsu kawai suke gani, ba madubi. Sai da muka kai ashirin da biyu.

Yari ya ce, "To Baba Malam, ina ukun da ka rubuto?"

Kafin in buɗe baki Sule ya riga ni. "Ai dinya in sanyi ya yi yawa takan ɓoye ɗiyanta cikin kacala. Yanzu sanyi ya sake, sun hito."

Ƙarya ce. Ɗan dinya mai wata huɗu yana tashi sama tare da uwarsa, ba mai ɓoye shi. Na sani, Sule ya sani, Sarkin Baka ya sani, har ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da sandarsa. Yari kaɗai ya ce ikon Allah, ashe haka suke.

Aka miƙa wa Sule bindigarsa. Kowa ya watse.

Na ce masa, "Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Tun bara na sani, Malam. Ran da ka tsaya kana gaida kututturen giginya da sunana."

"To mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"Kai ake hwaɗa ma magana?"

Na hau kekena ban yi masa sallama ba.

Litinin, 25 ga Janairu

Ban roƙe shi ba. Wa ya ce ina bukatar rufin asirinsa?

Alhamis, 28 ga Janairu

Ban je tafki ba. Gwiwa.

Hajara ta zo. Ta ce yanar ido ce ta rufe mini gani, ana cire ta a asibiti, surukinta an yi masa a Kano yana karatun Alƙur'ani yanzu ba tabarau. Na ce wa ya yi maganar ido? Ta ce ba kowa. Ta kuma ce a kasuwa har yanzu Maci-ƙwai suke kiran Sule, mutum biyu ne kawai suka koma sayen zabinsa, don cewa ake Malam Yahaya ya yafe masa ne saboda abota.

Ya yafe masa!

Alhamis, 11 ga Fabrairu

Na buɗe shafin bara. Tara. Na daɗe ina kallon wurin da na san lambar take. Ban soke ta ba, na dai sa alamar tambaya a gefenta.

Talata, 2 ga Maris

An yi zaɓen shugaban ƙasa ran Asabar. Hajara ce ta nuna mini inda zan dangwala, don kawai layi ya yi tsawo, kada in ɓata wa mutane lokaci.

Jiya na bi ta Babbar Kasuwa, wajen masu kaji, ina da 'yar bukata a can. Tun da na samu mutane a tare, Sarkin Baka ma yana wurin, sai na yi gyara a kan lissafi, kamar yadda kowane ma'aikaci zai yi. Na ce ba a taɓa ƙwai ko ɗaya ba, dinya ba ta ɓoye ɗiyanta, 'yan bana suna gabana tun Disamba ni ne ban gan su ba. Na ce duk wanda ya sake kiran sunan nan, da ni yake. Ba haƙuri na bayar ba, gyara ne. Wani ya yi dariya, ban ga ko wane ne ba.

Ran Alhamis zan raka Hajara Kano. Ita ta matsa.

Yau da hantsi na tarar da Sule a gindin tsamiya. Ya jero gaisuwa, na amsa duka. Na ce madubin nan ya yi mini nauyi a wuya, ya riƙe mini. Ya riƙe, ta bakin da ya dace. Na buɗe sabon shafi, na ja layi biyu.

Dinya hamsin da takwas, uku sun yi gaba. 'Yan bana ashirin da biyu.

Hannu: Yahaya. Ido: Sule.