Karen da Sani Ya Kawo Gida

Assalamu alaikum Yaya Balarabe,

Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Suleja sai godiya, Inna ma ƙafar da sauƙi.

Ƙaninka Sani ne ya sa na rubuto. Ogansa na Abuja ya ba shi kare kyauta, baƙi, ya kai ɗan maraƙi, irin na gadin kamfani. Wai na sha'awa ne, ya ɗaure shi da sarƙa a turke a tsakar gida. Yanzu ko mai nono ta daina leƙo mu.

Abin da ke tayar mini da hankali, karen ba ya haushi, kallo kawai yake yi. Jiya Inna tana sallar la'asar, tana yin sujada ya miƙe, ya ja sarƙar har turken ya motsa. Na ce, "Sani, ka tambayi ogan me ya sa ya rabu da shi?" Ya ce in daina ƙauyanci.

Yaya, ka kira shi, maganarka kaɗai yake ji. Ku sa mu a addu'a, a gaishe da kowa. Turken nan ba zai kai Juma'a ba.

Ƙanwarka,
Hauwa