Kifin da Ban Iya Ci Ba

Daren Laraba, 12 ga Nuwamba. Highbridge.

Na yi Isha'i amma barci ya ƙi zuwa.

Yau Claire ta zo ta ce mu kai mahaifiyarta, Madam, ɗan gidan abincin Faransawan nan na bakin layinsu. Na yi wa Madam wanka, na sa mata jar rigarta, na turo ta a keken guragu. Shekara huɗu ina jinyar tsohuwar nan, ban taɓa shiga wurin ba. Tebur takwas ne kawai, ko'ina ƙamshin man shanu da albasa. Na ce a ba ni kifi.

Ina cikin ba Madam miya a baki Claire ta ce da Turanci, "Hadiza, ranar Litinin zan kai ta gidan tsofaffi. Na gode da komai."

A gabanta ta faɗa, don ta san Turanci ya gudu daga kan Madam tun bara, Faransanci kaɗai ya rage mata, da shi nake magana da ita. Na tambaya ko akwai mai jin Faransanci a can. Ta sunkuyar da kai, ta ce babu.

Aiki zan samu wani, da yardar Allah. Amma wa Madam za ta gaya wa ƙafarta na ciwo?

Kifin ya huce a gabana. Da za mu fita Madam ta kama hannuna tana murmushi, ta ce, "'Yata, mako mai zuwa mu dawo, mu biyu kawai."

Na ce mata to. Allah ya yafe mini.