Ramin Bambaron Baba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Malikanchi da sauƙi, amma hankalina ba a kwance yake ba, ga wayarka ba ta shiga.

Bayan girbi wasu masu bincike suka zo gwaji da awakinmu. Suka jiƙa bambaron shinkafa da ruwan takin yuriya, suka rufe a rami, daga baya suka shanya ya sha iska. Komai sai sun ɗora a sikeli, har kashin awakin, wai don su gane yadda abincin yake narkewa a ciki. Awaki kuwa suka yi kyau.

Da suka tafi, Baba ya ce shi ma ya iya. Da hannu yake barbaɗa takin ba awo, yadda yake zuba wa dabbobi kanwa, kuma ba ya shanyawa. Warin har hawaye yake sa mutum. Jiya jar akuyar Inna ta ci, cikinta ya kumbura, tana karkarwa, kumfa a baki. Da ƙyar aka samu aka yanka.

Na yi magana, ya ce, "Ke Hadiza, kambun baka ne, ba taki ba."

Yaya, maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi. Ɗazu na ga yana tone rami na biyu, ya ce wannan na shanun huɗarka ne.

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hadiza